Neman kalma: yaya za mu kira "agency" a binciken tarihin mata?

Malamar Tarihi: Assalamu alaikum. Malamai, akwai kalmar da take hana ruwa gudu ga duk mai son rubuta tarihin mata a zamanin mulkin mallaka da Hausa, wato "agency". Masu bincike suna nufin yadda mace take zaɓa, ta aikata, aikin nata kuma ya yi tasiri, alhali tana ƙarƙashin ikon miji ko sarki ko Bature. An ga masu fassara ta da "hukuma", wanda kuskure ne tsantsa, waccan ma'anar ta ma'aikatun gwamnati ce. Wasu suna cewa "'yanci", wasu "turjiya". Me kuke gani?

Tafinta: Wa alaikumus salam, Malama. "'Yanci" ba zai yi ba, domin yawancin matan da ake magana a kansu ba su da shi. A Arewa Turawa sun ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, wato ba bawa ba, amma ba a soke bauta gaba ɗaya ba sai 1936. A tsakanin nan kuyangi da yawa sun kai kansu gaban alƙali suna neman fansa. Ranar da kuyanga ta taka zuwa kotu ba ta da 'yanci, amma ta yi abin da kalmar take nufi. "Cin gashin kai" ya yi nauyi, na jihohi ne da ƙananan hukumomi. "Yin gaban kai" zargi ne, "iya yi" kuwa zagi ne. Ni "raɗin kai" nake gani.

Mai Taskar Takardu: Malam Tafinta, misalin fansar shi ne yake karya "raɗin kai". Wanda ya zauna da rajistocin kotu a taskar tarihi ta Kaduna ya san layin shari'a ɗaya ba ya wuce suna, da kuɗin fansa, da hukunci. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun nuna cewa a shari'o'in mata da dama wani namiji ne ya biya kuɗin, don ya aure ta ko ya ajiye ta a matsayin ƙwarƙwara. To raɗin wa ke nan? Takarda ba ta faɗar abin da yake zuciya. Abin da mai bincike zai iya shi ne ya duba wanda ya kawo ƙara, da wanda ya biya, da gidan da matar ta koma bayan hukunci, sannan ya ga ko sunanta ya sake fitowa a wata ƙarar. In aka tsallake wannan, sai a mayar da cinikin mace tsakanin maza biyu ya zama labarin jarumtarta. Muna bukatar kalmar da take kallon aiki da sakamakonsa, ba niyya kaɗai ba.

Ɗan Maraɗi: A nan Nijar masu rubutu da Faransanci suna cewa "capacité d'agir". Me zai hana "ikon aikatawa"? Ko mu ɗauko "ta cewa". Ranar 13 ga Mayu 1991 mata sun yi maci a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa, aka ƙara musu kujeru, ranar ta zama ranar matan Nijar. Ta cewa suka nema, suka kuma samu.

Malamar Tarihi: "Ta cewa" ta zauna daram a siyasa. Ta dace da macin Yamai, da Gambo Sawaba a NEPU, da matan Arewa da ba su kaɗa ƙuri'a ba sai 1976. Sai dai ba ta shiga cikin gida. Matar kulle da take soya ƙosai ta ɗora wa 'yarta talla, ta zuba adashi, ta sayi akuya da kwanuka, ba ta da ta cewa a fada, amma dukiyarta tata ce, miji ba ya taɓawa. Wannan kasuwanci na bayan katanga shi Polly Hill ta bi a Batagarawa, Enid Schildkrout kuma ta bi ta wajen yara masu talla a Kano.

"Turjiya" ita ma ta ɗauki rabi ne kawai. Ta dace da 1929, lokacin da wata mata mai suna Nwanyeruwa ta ƙi yarda a ƙirga ta da dabbobinta a Oloko, a ƙasar Ibo, mata dubbai suka tashi saboda tsoron za a aza musu haraji, aka harbe fiye da 50. Turawa suka rubuta "tarzomar Aba", matan Ibo suka ce yaƙin mata ne. Ta dace da matan Abeokuta da suka sa sarkinsu, Alake, ya sauka a 1949. Amma ina za a sa matan da suka fita daga bauta suka rungumi kulle don su huta da noman gandu? Ina za a sa matan masallatan Alƙahira da Saba Mahmood ta yi nazari, waɗanda neman ilimin addini da kamun kai ne aikinsu? In muka ce "turjiya", duk macen da ba ta yi faɗa da kowa ba ta fita daga tarihi, kuma wannan ne abin da ya fi damuna.

Dattijon Nahawu: 'Yata, kalmar tana bakinmu tun tuni: katabus. Idan Bahaushe ya ce wance ba ta da katabus, ba ya nufin ba ta da 'yanci ko ba ta da murya, yana nufin ba ta iya motsa komai a lamarin. Wannan shi ne ainihin abin da rahotannin Razdan da na Di'o suka ɗauka game da mata, kuma shi masu bincike suke ƙaryatawa. Kalmar ba ta yabo, ba ta zargi, tana kuma karɓar awo: katabus kaɗan, katabus mai yawa. Mai yaji tana da shi, mai neman hul'i a gaban alƙali tana da shi, mai talla daga kulle tana da shi. "Iko" kuwa da an ji shi sai hankali ya tafi ga sarauta.

Tafinta: Baba, na karɓa, amma da gyara. An fi jin katabus a jimlar korewa, don haka "matan Kano sun nuna katabus" zai ɗan yi wa kunne baƙo da farko. A fayyace shi a wurin da ya fara fitowa: ikon mutum na zaɓa da aikatawa a cikin iyakokin da ya tsinci kansa.

Ɗan Maraɗi: Ni har yanzu ina ganin "ikon aikatawa" ya fi dacewa da kan kundi. A cikin rubutu kam, katabus.

Malamar Tarihi: To mu tsaya a nan: katabus ga ma'anar baki ɗaya, tare da bayanin Malam Tafinta, "ta cewa" in ana maganar wakilci da ƙuri'a, "turjiya" sai inda takarda ko shaidar baka ta nuna an yi fito-na-fito. A rubuta "katabus ɗin mata", ba "katabusin mata" ba. Wanda yake rubuta kan kundi yana iya bin ra'ayin Malam na Maraɗi. Na gode, Allah Ya ƙara basira.