Wayarin kukar lantarki: yaya kuka yi naku?

Amarya daga Arkilla:
Salamu alaikum jama'a. Cikin kayan ɗakina an sa min kukar lantarki mai kai huɗu da wurin gashi, wata uku ke nan tana cikin kwali. Maigida ya ce a jona ta a soket ɗin kicin kawai a huta, ni kuma gabana faɗuwa yake. Waɗanda suka taɓa sawa, don Allah ku ba ni labari.

Uwargida daga Mabera:
Ƙanwata, kada ki yarda. Mu haka munka yi, kuma tamu ƙarama ce mai kai biyu. Wata Juma'a na ɗora wake a kai guda, ruwan tuwo a ɗayan, na fita shanya. Sai na ji warin roba, na zaci yara ne sunka ƙona leda. Ko da na shigo, filogin ya narke ya manne da soket, bangon ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Har yau tabon na nan, fenti biyu bai rufe shi ba.

Mai wayarin daga Runjin Sambo:
Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa. Amarya, ki nuna wa maigida wannan lissafin. Wutarmu bolt 230 ce, soket ɗin bango kuma amfiya 13 yake ɗauka, wato kusan wat 3,000. Ki leƙa bayan kukarki, akwai ɗan allo da aka rubuta ƙarfinta. Idan kika ga wat 7,000, to amfiya 30 ke nan in an kunna komai, ya ninka abin da soket zai iya fiye da sau biyu. Ta Hajiya ma da ba ta wuce ƙarfin soket ba, ina zaton filogin ne ya yi sako-sako, shi ke kawo zafi.

Babbar kuka layinta daban ake ja mata tun daga akwatin raba wuta, ba ta tarayya da firiji ko hita. Waya mai kaurin mili 6, bureka (abin da ke faɗuwa ya yanke wuta in lodi ya yi yawa) mai amfiya 32, sai makunnin kuka mai amfiya 45 a bango. Shi kuma makunnin a gefe ake sa shi, inda hannu zai kai ba tare da an miƙa ta saman tukunya ba. Na sha shiga gida in tarar an ja mata mili 2.5 ta soket, an ɗora babban bureka don ya daina faɗuwa. To bureka ba zai faɗi ba, wayar ce za ta dahu a cikin bango.

Malamin makaranta daga Gidan Igwai:
Ni mili 6 ɗin na saya, amma na bi araha. Da zafin Afrilu ya kama, makunnin ya fara ɗumi ko ruwan shayi aka ɗora. Wani mai wayarin ya zo ya kankare bakin wayar da wuƙa a gabana, sai ga fari fat a ciki. Ashe alminiyum ce aka shafa wa jan ƙarfe. Ga shi ta cikin silin aka bi da ita, ƙarƙashin kwano, kuma kun san yadda can yake idan waje ya haura digiri 40. Ya ce min waya in tana cikin zafi ƙarfin ɗaukarta raguwa yake. Sai da na sayi waya sau biyu. Yanzu ko ƙanena zai saya, da 'yar wuƙa nake tura shi.

Maman 'yan biyu daga Bado:
Ba wanda ya yi maganar wayar ƙasa. Ni duk na taɓa tukunya da jiƙaƙƙen hannu sai in ji ta ɗan ja ni, har na saba girki da silifas. Da aka tona, ƙarfen da aka kafa aka jona wa wayar ƙasa bai kai kamu biyu ba, cikin busasshen yashi. Aka kafa dogo a wuri mai laima, aka canza kan kukar da ke yoyon wuta, aka ƙara burekan nan mai yanke wuta da zarar ta ja mutum.

Ɗan haya daga Tudun Wada:
Ku tuna da mita fa. Kan kuka mai wat 1,500 in ya yi awa biyu ya ci yunit 3. Lokacin da aka kai yunit naira 225 ga 'yan Band A (rukunin da suka fi samun wuta) a Afrilun 2024, maƙwabcina ya mayar da kukarsa teburin ajiye kwanuka. Sannan a cire layin kukar daga ɓangaren janareto, namu ƙarami shaƙewa ya yi ya mutu ranar da yarinya ta kunna.

Amarya daga Arkilla:
Na gode ƙwarai. Na duba allon, wat 7,200 ne. Maigida ya karanta, ya yi shiru, ya ce gobe a kira mai wayarin ya auna. Baba na Runjin Sambo, daga akwatin zuwa kicin akwai ɗan nisa, kuma ta silin za a bi. Mili 6 ɗin ta isa, ko mu daure mu sayi mili 10?