Neman kalma: me za mu kira "preconception care" da Hausa?

Dakta Maryam, Gusau: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman ɗauki kafin ranar Litinin. Muna haɗa kwas ɗin ƙaro ilimi ta intanet don likitoci, nas-nas, ungozomomi da ma'aikatan asibitocin karkara na jihar nan. Darussa shida ne, kowanne bidiyon minti 12 da za a kalla a waya, sai tambayoyi goma a ƙarshe. Da Hausa za mu naɗi bayanin, tunda da ita ma'aikaci zai yi wa mace magana. Kusan komai ya kammala sai sunan kwas ɗin. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke nufi da kalmar, tun bayan taron da ta kira a Jeniba a 2012, shi ne duk wani bincike, magani ko shawara da za a ba mace, har da mijinta, tun ciki bai shiga ba. Ina son suna gajere da zai zauna a fuskar waya, wanda mace ba za ta ji shi ta yi masa wata fassara ba.

Sista Rabi, Talata Mafara: Wa'alaikumus salam. "Awo kafin ciki." Awo dai babu matar da ba ta san shi ba.

Nas Aminu, Tsafe: Sista, sanin nan shi ne matsalar. Awo a kunnen mata yana nufin cikin ya riga ya samu. Amaryar wata biyu ba za ta zauna a bencin awo ba, don kafin ta koma gida labari ya riga ta isa wajen uwar miji. Ga kuma kunyar cikin fari.

Dakta Maryam: Ni abin da ya fi damuna ma'aikacin ne. Kalmar awo ta koya mana jira: sai mace ta ce ta yi ɓatan wata muke buɗe mata kati. To bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki, wato kamar mako biyu bayan ranar da take sa ran ganin al'ada. Wadda ta zo awo a wata na uku, wadda muke yabo da zuwa da wuri, ta riga ta makara ga wannan. Shi ya sa ake fara shan folik asid, bitamin da ke taimaka wa rufewar bututun, aƙalla wata guda kafin ciki, a ci gaba har mako 12. Idan sunan ya bar ma'aikaci yana jiran ɓatan wata, kwas ɗin bai yi aikinsa ba.

Nas Aminu: To "shirin ɗaukar ciki".

Hajiya Asabe, ungozoma, Gummi: Ɗana, wannan za a ji shi a matsayin asibitin neman haihuwa. Waɗanda suka yi shekara biyar ba ɓatan wata su za su cika layin, mai goyon wata takwas da ke dab da yin kunika ba za ta ga ya shafe ta ba, alhali ita ake nema. Shawarar da ake bayarwa ita ce wata 24 tsakanin haihuwa da sabon ciki, bayan ɓari kuma wata shida. Kuma kada wanda ya kawo "gyaran jiki", an san abin da masu kayan mata ke nufi da shi. "Tsarin iyali" kuwa maigida zai hana fita tun daga zaure.

Malam Bello, Ƙaura Namoda: Allah shi gafarta muku, ku duka fassara ku ka yi, ba Hausa ba. "Kafin kaza, kafin kaza", wanga ginin Turanci na anka yi ma fenti. Bahaushe na da kalmar tun kaka da kakanni: sharar gona. Manomi ba ya jiran ruwan shuka sannan shi nemi gatari. Tun bazara shi ka tone kututture, shi ƙone yayi, shi kai taki, shi zaɓi iri. Ba wannan ku ka nufi ba? A sa "Sharar Gona", kalma biyu, ta zauna ga waya, tsohuwa ta gane, yarinya ta gane. Sannan wanga "folik asid" da "kwas" da "bidiyo" da kunka cika muna kunne da su, a nemo musu Hausa. Ku ce sinadarin ganye, tunda na ji an ce daga ganye sunan ya hito.

Nasiru, mai haɗa magunguna, Gusau: Malam, asalin sunan haka yake, amma sunan magani ba a taɓa shi. Abin da ke jikin kwali shi ma'aikaci zai rubuta, shi mace za ta nema a kemis. Rikicin da muke da shi yanzu ma ya isa. Adadin mace mai lafiya maikirogiram 400 ne kullum, wato miligiram 0.4. 'Yar ƙwayar nan ruwan ɗorawa da aka saba bayarwa miligiram 5 ce, ninki goma sha biyu da rabi. Wannan babban adadin na wadda ta taɓa haifar jariri da buɗaɗɗen gadon baya ne, da mai ciwon suga, da mai shan maganin farfaɗiya, da mai sikila. Kuma miligiram 5 kullum yana rage ƙarfin Fansidar da ake ba masu ciki daga mako na 13 don kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Idan aka ce "sinadarin ganye", wata za ta ce ai tana cin zogale kullum, ta ajiye ƙwayar.

Malam Bello: Na bar muku maganinku. Amma sunan darasi ba kwali ba ne. Abin da ni ka gani, likitocinmu in ba su ji ƙamshin Turanci ga kalma ba, sai su ga ta yi ƙauyanci.

Dakta Usman, Anka: Malam, wannan zargi bai dace ba. Wanda ke duba mata hamsin a yini da Hausa ba shi ne zai raina ta ba. Mu auna sharar gona da abin da ke cikin darussan. Mai hawan jini da ke shan lisinopril, a sauya mata zuwa methyldopa, labetalol ko nifedipine tun kafin ciki. Mai suga a yi ƙoƙarin sauko da awon sugan jini na HbA1c ƙasa da 6.5, idan ya haura 10 a ba ta shawarar ta dakata da ɗaukar ciki. Mai farfaɗiya da ke kan valproate a tura ta ga likita a sauya, kada ta daina da kanta. Jininta in ya gaza giram 12 a gyara shi tun yanzu. Allurar rigakafin rubella, cuta mai kama da ƙyanda, ana yin ta ne ba ciki, a jira wata guda kafin ɗaukar ciki. Miji AS da mata AS, kowane ciki yiwuwar SS, wato sikila, ɗaya cikin huɗu ce, ba wai ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba, nan ma'aikata da yawa ke kuskuren bayani. A yankinmu kuma a tambaye ta ko ana niƙa dutsen zinari a gidansu, domin tun gubar dalmar 2010 a Anka da Bukkuyum mun san dalma tana kwanciya cikin ƙashi shekaru, ciki na shiga ta koma jini ta ratsa mabiyiya. Duk wannan lafiyar matar ce ita kanta, ko ta haihu ko ba ta haihu ba. Gona kuwa don amfanin da za a girbe ake share ta. Ga mijin ma ana gwada shi, HIV, ciwon hanta nau'in B da rukunin jini. Shi ina yake a cikin gonar?

Malam Bello: Shi na manomi, Likita.

Hajiya Asabe: To ka ga inda ba zan iya faɗin ta a gaban mace ba ke nan, Malam. Wadda ta yi ɓari uku in ka ce mata a share gona, abin da za ta ji shi ne gonarta ce mai datti.

Sista Rabi: Ni dai ban ga abin da ya kawo rubutun Sakkwatanci cikin maganar kwas ba. Abin da za a buga daidaitacciyar Hausa ce.

Malam Bello: Daidaitacciya wa ya daidaita ta? Matan Zurmi da Shinkahi Hausar Kano su ka yi? Ƙasar da anka yi waƙoƙin jihadi da ajami ba za a koya mata Hausa ba.

Nas Aminu: Don Allah a bar wannan, Litinin na matsowa. Rubutu a bi ƙa'ida, murya a bidiyo mai magana ya yi harshen garinsu. Mu koma kan aikatau: ɗauka, shiga ko samu? "Ɗaukar ciki" mace ce mai aikin, kamar da niyya. "Shigar ciki" cikin ne mai aikin, ya fi dacewa da yawancin matan da muke gani, waɗanda bai zo musu da shiri ba.

Malam Bello: Nan kam ka yi nahawu. Sai dai a rubuce "kafin shigar ciki" na da tarko. Cikin haihuwa wasalinsa na ƙarshe dogo ne kuma murya na sauka, cikin ɗaki gajere ne. Baki na rarrabe su, boko ba ya rarrabewa. Wani ya karanta ya ɗauka dubawa ce kafin a shiga wurin likita. In dole sai kun yi "kafin", ku ce juna biyu.

Dakta Maryam: Na gode Malam, wannan ta shige mini. Ga abin da zan miƙa. Sunan kwas a rubuce: "Kula da lafiyar mace kafin samun juna biyu". Ya yi tsawo, zai ci layi biyu a waya, na haƙura. A baki, abin da ma'aikaci zai ce wa mace: "duban kafin ciki". Sharar gona zan sa ta misali a darasin farko, ga ma'aikata kawai, da gargaɗin Hajiya a ƙarƙashinta.

Malam Bello: Suna mai kalma takwas ba suna ba ne, jimla ce. Amma aikinku na. A dai rubuta "juna biyu" a rabe.

Sista Rabi: Duk yadda aka rubuta, matan nan awo za su kira shi.

Dakta Usman: "Samu" bai gama kwanta mini ba, yana jan hankali ga masu nema. A sa a tambayar farko ta jarrabawar cewa duk macen da ke ganin al'ada tana cikin waɗanda za a duba, ko zazzaɓi ya kawo ta, ko rigakafin yaro.

Dakta Maryam: Na sa. Saura bututun nan na darasi na biyu, har yanzu "bututun ƙwaƙwalwa da laka" nake da shi. Za a naɗi muryar ranar Asabar da safe, mai abin da ya fi shi ya turo kafin dare.