Wane gajeren sunan Jamusanci zan sa wa kwikwiyona?

Manomin Gadarif: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kawuna ya kawo mini kwikwiyo daga birnin Madani na nan Sudan, irin karnukan Jamus ɗin nan masu tsayayyun kunnuwa. Bayansa baƙi wuluk, ƙafafunsa ruwan ƙasa. Don gadin gonar riɗi da awaki na karɓe shi. Tunda asalinsa Jamus ne, ina so sunansa ma ya fito daga can, amma gajere, wanda in na ƙwala daga wannan bakin gona zai ji a wancan. Yarana sun dage sai Max. Me kuka gani?

Malamin Kassala: Wa alaikumus salam. Yaranka ba su yi nisa ba, domin wanda ya kafa irin wannan kare a 1899 ma sunansa Max von Stephanitz, tsohon hafsan sojan doki. Sai dai tushen Max daga Latin yake. In na Jamusanci zalla kake nema, akwai Otto, akwai Fritz, akwai Blitz mai nufin walƙiya. Ni kam Bruno na fi so, don daga kalmarsu ta ruwan ƙasa ya samo asali, ga shi launin ƙafafun naka ke nan.

Maman Yara: Yaya, ka fara gwada sunan a bakinka da ƙarfi. Fritz a bakinmu Firitsi zai koma. Kai ka faɗi iri ɗaya, yara su faɗi wani, mai tayaka aikin gona ya kawo nasa, kwikwiyo ya rasa wa ake kira. Ka ɗauki mai gaɓa biyu da ya ƙare da wasali, shi ake iya ja daga nesa. Kuma duk sanda ya waiwayo in an kira shi, a miƙa masa ɗan nama.

Baba na Mai Wurno: Ɗana, karen gona da na kiwo hadisi ya halatta su. Sai dai ka bar shi waje, kuma kada ka sa masa sunan da wani maƙwabci ke amsawa. Abin da ya fi damuna gashinsa ne, rufi biyu gare shi, ka kuwa san zafin Gadarif a watan Afrilu. Yi masa rumfa, kada ruwa ya yanke a gabansa, ka kai shi likitan dabbobi a yi masa allurar ciwon hauka.

Manomin Gadarif: Na gode, Baba, Allah Ya ƙara girma. Mun tsaya kan Bruno, ƙaramin ɗana ma ya iya faɗa. Gobe in sha Allahu zan sari kara in kafa rumfar.