Me ya sa bidiyo ba ya farawa daga daidai daƙiƙar da na zaɓa?

Ɗalibi daga Birni:
Assalamu alaikum. Ina rubuta ƙaramar manhaja da GStreamer, wato kayan aikin gina manhajojin bidiyo da sauti, domin nuna wani yanki na bidiyon hawan sallah da muka ɗauka a ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Bidiyon ya kai awa biyu, amma abin da nake bukata shi ne daga minti 12 da daƙiƙa 30 zuwa minti 14, kuma ina son yankin ya riƙa maimaita kansa a allo. Matsala biyu ta tsaya mini. Hoton yana farawa kusan daƙiƙa 7 kafin wurin da na nema, sannan duk lokacin da ya kai ƙarshe zai koma farko, sai allo ya ɗan daskare. Ina roƙon malamai su fahimtar da ni dalili, domin gyara ba tare da fahimta ba ba zai amfane ni gobe ba.

Mai montaji a Zango:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Laifin ba na manhajarka ba ne, yanayin ajiyar bidiyon ne. A tsarin matse bidiyo na H.264 ba kowane hoto ake ajiyewa cikakke ba. Ana ajiye cikakken hoto guda, sai waɗanda ke biye da shi su ɗauki abin da ya canja kawai: doki ya ɗaga ƙafa, ƙura ta tashi, amma bangon fada yana nan yadda yake, don haka ba a sake rubuta shi. Idan ka faɗa tsakiyar wannan jeri, na'ura ba ta da tushen da za ta ɗora canje-canjen a kai, dole ta koma cikakken hoton da ya gabata. Manhajar x264 mai matse bidiyo a wannan tsari, idan ba a taɓa saitinta ba, tana iya barin tazarar hoto 250 tsakanin cikakkun hotuna biyu, wato daƙiƙa 10 ke nan a bidiyo mai hoto 25 cikin daƙiƙa. Daƙiƙa 7 ɗinka daga nan ta fito. Mu ma muna gamuwa da wannan a bidiyon biki duk lokacin da muka yanka da manhajar sarrafa bidiyo ta FFmpeg muka sa -c copy, wato kwafa ba tare da sake matsewa ba, domin gudun ɓata lokaci.

Malama mai koyar da kwamfuta:
Bayanin Malam daidai ne, sai dai akwai sauran rabi. Lokacin da ka aika umarnin tsallakawa, yana tafiya baya ne, daga allo har zuwa sashen da ke raba hoto da sauti daga cikin fayil. Shi wannan sashe yake duba jadawalin fayil ɗin, ya nemo cikakken hoto, sannan ya sanar da duk sassan da ke gabansa cewa yankin da ake so ya fara daga kaza ya ƙare a kaza. Da wannan sanarwa ake lissafin agogon nunawa, ta yadda hoton daƙiƙa ta 750 zai zama shi ne na farko. Ina kyautata zaton ka sa tutar KEY_UNIT (tuta zaɓi ce da ake haɗawa da umarnin), wadda ke matsar da farkon yankin zuwa kan cikakken hoton. Cire ta ka sa ACCURATE. Na'ura za ta warware hotunan daƙiƙa 7 ɗin a ɓoye ta zubar da su, ba za ta nuna komai ba sai ta iso inda ka ce. Ka kuma tuna cewa GStreamer da nanosakan yake ƙirga lokaci, saboda haka ka ninka 750 da GST_SECOND, wato adadin nanosakan da ke cikin daƙiƙa ɗaya.

Daskarewar kuwa daga tutar FLUSH take, domin tana kwashe duk abin da ke kan hanya, sai an sake cikawa. A umarni na farko ka haɗa FLUSH da SEGMENT. Idan yankin ya ƙare, saƙon SEGMENT_DONE zai zo maka a madadin EOS, saƙon da ke nuna ƙarshen bidiyo, kuma yana zuwa tun sauran hotuna suna layi ba su kai allo ba. A nan za ka sake aika umarnin da SEGMENT, ba tare da FLUSH ba, sai sabon zagaye ya shiga bayan tsohon babu giɓi.

Mai montaji a Zango:
Malama, na yarda, amma ina da tsoro guda. Hoto 175 ne za a warware a zubar a kowane zagaye, kuma tsohuwar kwamfuta a zafin watan Afrilu na Damagaram ba lallai ta gama kafin layin ya ƙare ba. Ni da zan sake matse yankin da -g 50, cikakken hoto ya riƙa zuwa duk daƙiƙa 2. Idan kuma ta intanet za a kalla, a ƙara -movflags +faststart domin jadawalin MP4 ya dawo farkon fayil, kada a cinye megan mutum wajen nemansa a ƙarshe.

Ɗalibi daga Birni:
Allah ya saka da alheri, Malama da Yaya. KEY_UNIT ɗin ce kuwa. Na cire ta, hoton ya fara daidai kan dokin da nake so, daskarewar ma ta ragu ƙwarai, sai ɗan tsaiko a zagaye na biyu. Yau da dare zan sake matsewa da -g 50 in gani ko zai tafi.