Yaro yana amsawa amma ba ya tambaya: yaya kuka yi da naku?

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyaye. Ɗana ya kusa shekara 4. In an tambaye shi sunansa yana faɗa, amma bai taɓa cewa "mene ne wannan?" da kansa ba. Abin da yake so sai dai ya ja hannuna ya kai ni wurin. Me kuka gwada a gida?

Wata uwa daga Zariya: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ni baƙar leda ce ta taimake ni. Sai in saka lemo ko ƙaramar mota a ciki, in girgiza, in ja bakina in yi shiru. Yayarsa ce take fara cewa "Mama, mene ne a ciki?", nan take in buɗe mata. Da ya fahimci tambayar ce ke buɗe ledar, sai ya fara cewa "meye?". Haka na karɓa, ban tsaya gyara masa ba. Shirun nan ne mai wuya, wallahi, don baki ƙaiƙayi yake yi.

Wani uba: Ni shinkafa nake ajiye wa tawa ba cokali, ko takalmi ƙafa ɗaya. Amma in na ce "ki ce ina cokali", sai ta maimaita har da "ki ce". Dole na koma dube-dube ina cewa "ina cokali?" kamar ni ne na rasa shi.

Malamar nazare: Hajiya, kada ki fara da "me ya sa" ko "yaushe", su ne na ƙarshen zuwa. Yara kan fara da "mene ne" da "ina", sannan "wa". In an ƙwanƙwasa ƙofa, ki bar shi ya ce "wane ne?". A kuma rage yi masa jarrabawa, yaron da kullum shi ake tambaya amsa kawai zai iya.

Wata kaka: 'Yata, an duba kunnensa? Jikana ruwa ne ya taru masa a bayan dodon kunne, muna ta cewa miskilanci ne. Ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a gwada jinsa. Ranar da ya fara kuma, kada wani ya ce masa "ka cika surutu".

Mai tambaya: Na gode Mama, ba mu taɓa gwada jin nasa ba. Zan yi wa babansa magana yau in Allah ya yarda.