Neman kalma: me za mu kira hoton da ake sayarwa don taimako?

Assalamu alaikum malamai da 'yan jarida. Abu biyu nake so mu raɗa wa suna, don labarinsu ya fara yawa kuma kowa na fassara su yadda ya ga dama.

Ga inda maganar ta taso. A 2020 korona ta hana masu yawon buɗe ido zuwa gandun dajin Afirka, kuɗin shiga ya ja baya. Sai masu ɗaukar hoto biyu, Pie Aerts da Marion Payr, suka kafa Prints for Wildlife: ƙwararru su ba da hotunansu kyauta, a wanke su a takarda mai kyau, a sayar kowanne dala 100, kuɗin ya tafi African Parks, ƙungiyar da ke kula da dajin Zakouma na Chadi tun 2010. A shekarar ce kuma Pictures for Elmhurst ta tara sama da dala miliyan 1 don asibitin Elmhurst na New York, hoto ɗaya dala 150.

Na farko shi ne irin hoton kansa, wanda Bature ke kira "fine art photography". Ya bambanta da hoton biki ko na labarai, domin mai shi ya ɗauka ne don a rataye a bango a yi ta kallo, sau da yawa ma yakan sa hannu ya ƙayyade adadin da za a wanke.

Na ji ana cewa "hoton fasaha". Ban gamsu ba. Yau idan ka ce fasaha, hankalin yaro kwamfuta zai tafi, ya ɗauka hoton da na'ura ta ƙirƙira ake nufi. "Hoton ƙawa" ya fi daɗin faɗa, amma ku duba hoton da Ami Vitale ta ɗauka a Kenya a 2018, mai kula da wani karkanda mai suna Sudan, namijin ƙarshe na fararen karkandan arewa, ya kifa kansa a goshin dabbar dab da mutuwarta. Wa zai kira wannan ƙawa? Ni dai "hoton gwaninta" na zaɓa. Ya ɗauki na farin ciki da na baƙin ciki, ya kuma ba mai kyamara haƙƙinsa.

Na biyu, cinikin. "Sadaka" ba ta zauna ba tunda mai saye yana tafiya gida da kaya. "Gwanjo" sai inda ake tayi, nan kuwa farashi a yanke yake. Ina ganin "gidauniyar hotuna" ta wadatar, don duk wanda ya taɓa halartar gidauniyar ginin masallaci ko makaranta ya san manufar.

Sai a rubuta: an buɗe gidauniyar hotunan gwaninta don masu gadin daji.

'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi, idan gidajen rediyonku na da wata kalmar da kunne ya riga ya saba da ita, ku kawo mu gwada ta a wannan jimlar.