Me kuke sawa a wurin kudin shigar gida in kuna cike fom a intanet?

Dan_Jega:
Salamu alaikum yan uwa. Don Allah masu cike fom din jin ra'ayin nan na intanet wanda in ka gama ake baka dan kati ko yan kudi, ya kuke yi da tambayar nawa ke shigowa gidanku a shekara? Mu gidanmu babban gida ne nan Jega, Baba na noman shinkafa da albasa, yayana na da shago a kasuwa, ni ina koyarwa a firamare, uwargida kuma na saida kuli-kuli da man gyada, to albashina kadai zan sa ko in hada na kowa da kowa? Wani fom din ma da dala yake tambaya, nan kam kaina ke daurewa.

Malam_Argungu:
Wa alaikumus salam malam. Su masu bincike in sun ce gida ba katanga suke nufi ba, mutanen da ke kwana wuri ɗaya suna ci daga tukunya ɗaya suke nufi. In kai da iyalinka kuna girkinku daban, to kai gida ne mai zaman kansa ko da ƙofa ɗaya kuke shiga da Baba. In kuwa har yanzu gandu kuke, rumbu ɗaya, cefane ɗaya, sai ka haɗa duka.

Albashi ba wuya, ka ninka na wata sau 12. Mai ɗaukar N70,000, wato mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024, nashi N840,000 kenan a shekara. Noma ne ke da rikici. Kada ka rubuta kuɗin da aka sayar da buhunan shinkafa gaba ɗaya, sai ka fidda na taki da iri da man injin ban ruwa da na 'yan ƙwadago, abin da ya rage shi ne samu. Shago ma riba ake nufi ba ciniki ba. Kuma ƙiyasi ya isa, shi ya sa suke ba da zaɓi daga kaza zuwa kaza. Ita kanta hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, da ta auna talauci a binciken 2018/2019 abin da mutane ke ci da kashewa ta duba ba abin da suke samu ba, ta sa layin talauci a N137,430 ga mutum ɗaya a shekara, kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen ƙasar suka faɗo ƙasa da shi. Manomi zai iya faɗa maka kwano nawa aka ci jiya amma ka tambaye shi ribar bara sai ya ce alhamdulillahi kawai.

Yar_Yauri:
hhhh Dan Jega kace zaka hada da kudin uwargida, to ta gaya maka nawa take samu? wallahi ni ko maigidana bai san ribar kifin da nake soyawa ba kuma ba zai sani ba, kudin biki ne da kayan dakin diya. ka dai kimanta. amma kar kasa kwasar adashi, wannan kudinka ne da ka zuba suka dawo maka.

Bakabe:
Ku dai kuna wahal da kanku. Ni babba nika zaba kullum, in ka sa karami nan take su ce ba kai suka nema ba su kore ka bayan ka kashe data. Wa za shi zo Birnin Kebbi shi duba?

Malam_Argungu:
A'a Bakabe, ban bi ka nan ba. Na farko ƙarya ce kuma kuɗi kake karɓa a kanta. Na biyu suna ajiye amsoshinka na baya, yau ka ce miliyan 20 gobe ka ce ba ka da aiki ba ka da mota, sai su rufe akawun ɗin da 'yan kuɗin da ka tara a ciki. Korar ma ba kullum don ƙarancin kuɗi ba ce, kowane rukuni akwai adadin mutanen da suke so, in ya cika sai su tsaya. Batun dala kuma, irin wannan fom don mutanen Amurka aka tsara shi, N840,000 ko dala 1,000 bai kai ba, zaɓi na ƙasa shi ne namu.

Hajiya_Kamba:
Dana abinda zan kara shine ka duba wa ke tambayar. Mai binciken gaskiya baya neman BVN ko NIN ko lambar katin ATM ko lambobin nan da banki ke turowa a waya. Irin link din da ake yawo da shi a WhatsApp wai tallafin gwamnati ka cike ka tura ma mutum goma, barayi ne. Kuma yanda garin nan yake da masu garkuwa da mutane ni bana rubuta kudin gida a fom din da ya nemi cikakken suna da unguwa, in akwai wurin bana son amsawa shi nake dannawa.

Dan_Jega:
Na gode kwarai Hajiya, Allah ya saka. Girkinmu daban ne da na Baba tun bara. Saura daya malam, kanena dake Legas yana dan turo mani wani abu duk wata, shi fa?

Malam_Argungu:
In duk wata ne ka sa shi. Na goron sallah da ke zuwa jefi-jefi ka bar shi.